Kaji Ashirin da Bashin Shekara Ashirin

A taron ƙungiyar mazauna rukunin gidajenmu na watan jiya, ƙorafi uku sakatare ya karanto. Na farko kan masu gadi da suka yi wata biyu ba a biya su ba, na biyu kan taransifoma, na uku kuma kan "wasu da ke neman mayar mana da unguwa ƙauye". Ba a kama suna ba, amma sai da rabin mutanen da ke zaune suka waiwayo suka dube ni, don kowa ya san gidan da ake jin kyarkyarar kaji da hantsi. Ciyaman ɗinmu dattijo ne mai kunya, ya daɗe da yin ritaya. Ya gyara murya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba da kai ake ba. Doka ce muke so mu kafa wa kowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai dokar da mutum ɗaya kaɗai za ta hau kansa, da shi ake." Aka yi dariya, aka ɗage maganar zuwa zama na gaba.

A cikin makon nan dai wani abokin aikina, akanta ne, kuma ya san aikinsa, ya ga takardar banki a kan teburina. Da ya fahimci ƙari nake yi a kan abin da ake cire mini na bashin gida kowane wata, sai ya riƙe baki. Ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da aka ba shi rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a ƙasar da farashin kaya ya tashi sama da kashi 30 a 2024, sannan yana gaggawar biya ba. Ya ce, "Wallahi kai ne kake yi wa banki sadaka."

To, a mako guda an ce ni baƙauye ne, an kuma ce ban iya lissafi ba. Na daɗe ina juya maganganun nan biyu, kuma na lura daga tushe ɗaya suka fito. Duk wanda ya faɗe su yana ɗaukar cewa albashi abin dogaro ne: zai zo a kan kari, zai isa, zai kuma ci gaba da zuwa har ranar ritaya. Ni kuwa na daina yarda da haka.

Bari in fara da bashin. Tun 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa ana zubawa a ciki, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Shi wannan banki yana ba ƙananan bankunan lamunin gida kuɗin a kan kashi 4, su kuma su ba ma'aikaci a kan kashi 6, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Mafi yawan waɗanda ake yi wa wannan cirar har su bar aiki ba su taɓa ganin rancen da idonsu ba. Ni Allah ya sa rabona ya rantse, a 2017 na samu naira miliyan 5, na haɗa da abin da na tara da kuɗin wani fili da na sayar, na karɓi gida mai ɗaki biyu da falo a wajen garin Kaduna. Shekara 20 aka yanka mini, ana cire kusan naira 35,800 duk wata. Wato sai 2037, shekarar da zan ajiye aiki in Allah ya kai mu.

Shekara huɗu ban taɓa neman bayanin asusun ba. Ana cira, ina ganin albashi ya zo a gutsure, ina cewa alhamdu lillahi, ai gida ake biya. Ranar da na je na karɓi takardar a farkon 2021, sai da na nemi wuri na zauna. Na biya sama da naira miliyan 1.7, amma uwar kuɗin ba ta ragu da ko dubu 600 ba. Ba cuta ba ce, haka lissafin yake, kuma da hannuna na sa hannu a kai. A watan farko, cikin dubu 35 da ɗari 8 ɗin nan, dubu 25 cur kuɗin ruwa ne, abin da ya taɓa bashin kansa bai kai dubu 11 ba. Ruwan yana hawa ne a kan abin da ya rage, don haka shekarun farko kusan duk wahalar da mutum yake yi ruwa yake biya. In na bi tsarin har ƙarshe, miliyan 5 za ta zama kusan miliyan 8.6.

A daren nan na zauna da kalkuleta. Sai na ga in zan iya ƙara naira dubu 10 kacal duk wata, a zuba ta kai tsaye a kan uwar kuɗi, shekara 16 da suka rage za su koma 11, kuma ruwan da zan tsira da shi ya haura dubu 800. Shekara biyar a kan dubu goma. Matsalar ita ce albashin ba shi da wata dubu goma da ke kwance tana jiran aiki.

Uwargida ce ta kawo maganar kaji. Ita 'yar gidan kiwo ce, ta tashi ta ga mahaifiyarta tana sayen kwanukan aurar da 'ya'ya da kuɗin kaji da na awaki. Ta ce, "Baban Ummi, filin nan na baya da kake cewa za ka dandaɓe da siminti, ka bar mini shi." Na bar mata. Muka sa kafinta ya yi akurki da katako da waya da ragowar kwanon rufi, aka ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓeraye, muka sayo sagaru 20 masu shirin fara ƙwai.

Duk wanda ya ce maka kaji za su biya maka bashin gida, ko dai bai taɓa kiwo ba, ko kuma 'yan tsaki yake sayarwa. Shekararmu ta farko asara muka tafka. Hunturu ya shigo, ba mu maimaita rigakafi a kan lokaci ba, ciwon nan da ke murɗe musu wuya ya faɗa musu, cikin kwana huɗu muka binne 11. Uwargida ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Daga nan muka koyi cewa maganin rigakafin Lasota da ake zubawa a ruwan sha ba abin wasa ba ne, kuma in an ɗauko shi daga shago ba a cikin ƙanƙara ba, ruwa kawai aka saya. Muka koyi cewa zafin Maris da Afrilu yana rage ƙwai ko da kaza tana da lafiya, sai an riƙa sauya musu ruwa sau uku a rana, an shimfiɗa ciyawa a kan kwanon. Muka koyi cewa muzurun maƙwabta ya fi shaho ɓarna.

Ga yadda lissafin yake idan komai ya tafi daidai. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, don haka buhu mai kilo 25 kwana goma yake yi wa kaji 20, buhu uku ke nan a wata. In suna cikin ganiyarsu mukan tsinci ƙwai 15 ko 16 a rana, kusan kiret 15 a wata. A ƙarshen 2024 muna sayar da kiret sama da dubu 5, buhun abinci kuma ya haura dubu 15. In ka cire abinci, ka cire magani da garin katako, ka cire ƙwan da yara suka ci, ka kuma ware kuɗin sayen sababbin sagaru, domin bayan shekara ɗaya da rabi ƙwai yakan ja baya dole a sauya su, abin da ke saura bai wuce dubu goma zuwa sha biyar ba. Wani watan ma bai kai ba, sai na cika daga aljihu. Akwai ɗan ƙari daga kashinsu, wanda masu lambu a bakin kogi ke zuwa saye buhu-buhu, da kuma tsofaffin kajin da muke sayarwa gab da Sallah, lokacin da suka fi daraja. Iyakar abin ke nan. Ba arziki ba ne. Amma dubu goman da na rasa a albashi, ga ta nan.

Yanzu in koma kan abokina akanta, don ba na son in yi masa rashin adalci. A takarda, gaskiyarsa ce. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ake bi bashi a kan ruwan da ba ya motsi, hauhawar farashi abokiyarsa ce, tana cinye masa bashin yana barci. Ni kaina shaida ne. A 2017 ba na kai dubu ɗaya nake sayen kiret ɗin ƙwai ba, wato abin da ake cire mini a wata ya kai kuɗin kiret 40. Yau kiret 7 sun biya shi. Kuma da ya ce in zuba rarar a wani wuri, bai ce in je in ci kuɗin ruwa ba, ya san ni. Sukuk ya ambata, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci. Wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100, kashi 16.47 ya riƙa bayarwa duk shekara har shekara bakwai. Ka ajiye kuɗi inda suke kawo 16, ka bar bashin da ke cin 6, ai ko ɗan firamare ya san inda riba take.

Sai dai akwai abin da wannan lissafi ya tsallake. Hauhawar farashi tana cinye bashin wanda kuɗin shigarsa ke tashi tare da kasuwa ne. Ɗan kasuwar da ke sayar da shinkafa, in buhu ya ninka, cinikinsa ya ninka, bashinsa ya zama rabi. Ma'aikaci fa? Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin shekara guda, amma sai a Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70, kuma jihohi da dama sun ja ƙafa kafin su fara biya. A tsakanin nan, dubu 35 ɗin da ake cire mini ba ta yi sauƙi ba, nauyi ta ƙara, domin abin da ke saura bayan an cire ta ya daina kai mu ashirin ga wata. Bashin ya ƙanƙance in an auna shi da ƙwai, amma ni ba da ƙwai ake biyana albashi ba. Abu ɗaya tak a gidana da farashinsa ke bin kasuwa kafaɗa da kafaɗa shi ne abin da ke fitowa daga akurkin nan. Abincinsu ma yana tashi, gaskiya ne, amma ɗan abin da ke tsakani shi ma yana tashi a naira, bashin kuwa yana nan inda yake. Ashe ribar da akanta yake cewa hauhawar farashi tana ba ni, ba ta iso hannuna sai ta bi ta bayan gida. Shi ya sa nake ganin masu son hana kiwo ba su san abin da suke shirin toshewa ba.

Na biyu, lissafinsa ya ɗauka cewa rarar za ta zauna a inda aka ajiye ta shekara bakwai ba a taɓa ba. A wane gida? Mu da muke da dangi a ƙauye, da ƙanne a makaranta, da suna da biki da jinya duk wata? Kuɗin da ake iya cirowa, za a ciro su, kuma kowane dalili da zai zo mai ƙarfi ne, ba za ka iya cewa a'a ba. Na taɓa yin adashi don sayen fili, kwasata ta zo daidai da tiyatar wata gwaggona. Ban yi nadama ba, amma fili bai samu ba. Abin da na zuba a bashin gida kuwa ya shige, babu mai zuwa ya ce in ranto masa daga ciki. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji masu magana, ko da yake a gidanmu mun riƙe duka biyun.

Na uku shi ne wanda ya fi hana ni barci. Mu a Kaduna mun ga yadda aiki ke ƙarewa da takarda ɗaya. A 2017 zuwa 2018 an sallami malaman firamare sama da dubu 21 bayan jarrabawar gwaji. A 2021 aka sake rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da jihar cak a watan Mayu. Malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki a 2022, aka riƙe musu albashi. Ba ina shari'ar wa ke da gaskiya a cikin waɗannan ba ne. Abin da nake cewa shi ne, a cikin mutanen nan akwai masu bashin da ake cira daga albashi, kuma ranar da albashi ya tsaya, bashi bai tsaya ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. Takardun gidana suna hannun banki. Duk shekarar da na rage daga ashirin ɗin nan, na rage shekarar da wata takarda daga ofis za ta iya fitar da iyalina titi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kalkuleta. Ruwa ne, ko kashi 6 ne ko kashi 1. Na karɓa ina sane, bayan na gaji da tashin haya, na tambayi malamai, wasu suka ce lalura ce, wasu suka ce ba ta kai ba. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, amma abin da zan iya ɗauka a lokacin shi ne na asusun da dama ake cire mini kuɗi dominsa. Ban zo in yi wa kowa fatawa ba. Ni dai zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba, kuma in mutum ya shiga abu don lalura, bai kamata ya miƙe ƙafa a ciki ba bayan ya ga ƙofa. Hadisin da Bukhari ya ruwaito, na mamacin da aka kawo ana bin sa dinari uku, Manzon Allah (SAW) ya ce sahabbai su yi wa ɗan'uwansu salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin, tun muna yara muke jin sa. Akanta ya tuna mini cewa a cikin takardun da na sa wa hannu akwai inshorar rai. Haka ne, akwai. Amma na ga yadda matan da mazajensu suka rasu ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis a kan haƙƙin da ba a ma musanta ba. Ba na so in bar wa Maman Ummi wannan gado.

Tunda na ambace ta, akwai wata magana da maza ba mu cika son a taɓo ba. Kajin nan nata ne. Ita ke tashi da asuba ta wanke mazubin ruwa, ita ke gane wadda ta yi sanyi tun kafin ta kwanta, ita ke da lambobin masu shayi da matar da ke yin kek da ke karɓar kiret biyar duk mako. A ƙasar Hausa dama kaji dukiyar mata ce, kuma a shari'a abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko da shi sai da yardarta. Gida kuwa sunana ne a takarda. Wata shida muna zuba kuɗin ƙwai a bashi ban ga wani abu a ciki ba, sai ranar da yayarta ta zo, na ji ta daga ɗaki tana cewa, "Ke dai ki yi ta bauta, ranar da ya gama biya ya kawo miki amarya a ɗakin da kajinki suka saya." Na ji haushi ƙwarai, na kwana da shi. Da gari ya waye sai na ga babu ƙarya a maganarta. Ko ban yi aure ba, in na faɗi na mutu, tumunin takaba za a ba ta a gidan da guminta ke ciki, sauran a raba wa magada, babu wanda zai tuna da ƙwai. Muka sayi littafi. Duk abin da ya fito daga kaji ya shiga bashi, ana rubutawa da kwanan wata, mu biyu mu sa hannu, a matsayin rabonta ne a cikin gidan, ba kyauta ba. Ƙanena da wanta sun shaida. Wasu abokaina da suka ji sun ce na zubar da girma. Ni kuwa ban ga girman da ke cikin fita daga bashin banki ta hanyar cin na matarka ba.

Saura maƙwabta. Ba zan ce ƙorafinsu babu tushe ba. Akurkin da ba a sharewa yana wari, da damina kuwa abin ba a cewa komai. Abincin kaji yana jawo ɓeraye da gafiya. Zakara ba ya duba agogo. Kuma murar tsuntsaye ba tatsuniya ba ce a wurinmu, don a nan jihar, a wata gona a Jaji, aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a Fabrairun 2006. Duk wanda ya tara kaji 300 a bayan ɗaki biyu, jikin tagar wani, ya cuci maƙwabcinsa, kuma ni ne zan fara sa hannu a hana shi. Amma maganin wannan ai iyaka ce. A ce kada su wuce kaza, a ce dole a killace su, a ce ga tazarar da za a bari daga katangar maƙwabci, a ce kwamiti zai riƙa leƙawa. A ce ban da zakara ma, na yarda, domin kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so. Namu tun bara muka yanka shi, ranar da matar gidan da ke jikinmu ta haihu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar ƙauyanci, don ita ce ainihin abin da ke ƙarƙashin ƙorafin, ba wari ba. Janareton da ke kwana yana ruri yana tura hayaƙi ta tagogin mutane, ba a taɓa kawo ƙararsa taro ba. Karnuka uku na gidan da ke kan kwanar layi, da ke hana yara zuwa Islamiyya ta wannan layin, su ma ba a taɓa ba. Waɗannan alamun samu ne. Kaza kuwa tana tuna wa mutum inda ya fito, shi ya sa take ba shi kunya. Abin dariyar shi ne, waɗanda muke kwaikwayo sun riga sun juyo. A birnin New York doka ta yarda mutum ya ajiye kaji mata, zakara ne aka hana. Da murar tsuntsaye ta sa ƙwai dozin ɗaya ya haura dala 6 a Amurka a Maris ɗin 2025, mutane rububin 'yan tsaki suka riƙa yi. A nan gida ma, tun 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta yi shelar ciyar da ƙasa, tana kiran ma'aikata da makarantu su yi noma da kiwo a duk inda suka samu fili, kuma a 2024 uwargidan shugaban ƙasa ta sa gasar lambu a kowane gida. Daga sama ana cewa ku noma abin da za ku ci, a unguwa kuma ana rubuta dokar hana kaza.

Laifin ma ba na ƙungiyarmu kaɗai ba ne, daga zanen gidajen ya faro. Gidan Bahaushe na asali wurin sana'a ne: ga zaure inda maigida ke ɗinki ko karantarwa, ga turke, ga akurki, ga rumbu, ga murhun da uwargida ke tuyar ƙosai ana fitarwa. Gidan yana ci, yana kuma kawowa. Ko gidajen da aka gina wa ma'aikata zamanin Shagari, in ka shiga irinsu za ka ga an bar fili, shi ya sa masu su suka yi ta ƙara ɗakuna da shaguna da kiwo har suka aurar da 'ya'ya a ciki. Na yanzu kuwa ana zana su ne don mutumin da zai fita da mota da safe, ya dawo da leda daga kanti da yamma, albashinsa ya ishe shi komai. Wannan mutumin, a matakin albashin da ake gina wa waɗannan gidaje, babu shi. An ba ma'aikaci bashin shekara 20 a kan gidan da aka ƙaddara ba zai taɓa kawo ko sisi ba, sannan ana mamakin yadda ake kasa biya. Da masu ba da rancen suna duba maslaharsu da kyau, su ne za su fara cewa a bar taku goma a bayan kowane gida.

Su ma bankunan akwai gyara a wurinsu. Watanni ukun farko da na yi ƙari, da na karɓi takarda sai na tarar ba a taɓa uwar kuɗi ba, an ajiye kuɗin a gefe wai biyan watan gaba ne na yi tun da wuri. Sai da na rubuta wasiƙa, na yi sawu huɗu, wata ma'aikaciya mai kirki ta zauna ta gyara. Tun daga nan duk ƙarin da zan yi sai na haɗa da takarda mai cewa a cire daga uwar kuɗi, in karɓi kwafi mai hatimi, in kuma nemi bayanin asusu duk wata uku. Bai kamata mai son biyan bashi ya sha wahalar da ta kusa ta mai neman bashi ba. Kuɗin asusun nan na ma'aikata ne, ciki har da masinja da direban da ake cire wa duk wata ba su taɓa samun komai ba. Duk nairar da na mayar yau, tana da sauran daraja, ana iya ba wani. In na riƙe ta sai 2037 kamar yadda akanta ke so, na ci riba, amma daga aljihun waɗannan na ci ta, ba daga na banki ba. Da na faɗa masa haka, ya ce wannan kuma wa'azi ne, ba lissafi ba. Na ce na ji.

Zama na gaba ranar Asabar ta ƙarshen wata ne. Na rubuta shawarata a shafi ɗaya: kaji kada su wuce 25, ban da zakara, a killace, a share duk mako, kwamitin mutum uku ya duba. Ciyaman ya karɓa ya ce zai sa a ajanda. Na kuma ƙirga waɗanda nake sa ran za su ɗaga mini hannu, na samu tara cikin gida 31, huɗu daga cikinsu masu sayen ƙwai ne a wurin Maman Ummi, har da matar wanda nake zargin shi ya rubuta ƙorafin. Maman Ummi ta ce in bar mata sauran, za ta bi gidajen da kanta bayan la'asar, tunda mazan ne ke zuwa taro amma ba su ke soya ƙwai ba. In an kayar da mu, wanta yana da fili a bayan gari, can za mu mayar da akurkin, sai dai kuɗin mota zai cinye kusan rabin ribar, shekara biyar ɗin da na lissafa ta koma uku. Kafin nan dai iskar hunturu ta fara kaɗawa, gobe da sassafe zan shiga gari da kula da ƙanƙara in ɗauko musu rigakafi.